An dasa miliyoyin bishiyoyin ud a Asiya, me ya hana harkar bunƙasa?

Alhaji Sabo Mai Turare:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina da tambaya wadda na daɗe ina juyawa a raina, kuma na san a cikinmu akwai masu ilimin gandun daji, akwai kuma waɗanda ke zaune a inda ake hada-hadar kayan. An daɗe ana ba mu labarin cewa Indiya da Bangaladash da Tailan da Biyetnam da Malesiya da Sin sun dasa bishiyar ud, wadda ake samun icen turare mai tsada daga gare ta, da miliyoyi. A hankalce, idan kaya ya yawaita, ya kamata farashinsa ya sauko, ingancinsa kuma ya daidaita. Amma abin da muke gani a kasuwa akasin haka ne, domin mai kyau sai ƙara tsada yake yi, na jabu kuma ya cika shaguna tun daga Makka har Kano. To ina bishiyoyin nan suka shiga? Abin da ya ƙara tayar mini da tambayar shi ne wani dillali ya kawo mini tallan wani kamfani da ke sayar da hannun jari a gonar ud a can kudu maso gabashin Asiya, wai mutum ya biya kuɗin bishiya ɗari, bayan 'yan shekaru a ninka masa. Kafin in ba shi amsa, ina son in ji ta bakinku.

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tana farawa ne daga halittar bishiyar kanta. Bishiyar ud, wadda masana tsirrai ke kira Aquilaria, tare da 'yar'uwarta Gyrinops, idan lafiyarta ƙalau, icenta fari ne, ba nauyi, ba ƙamshi, ba ya da wata daraja ko a wurin masassaƙa. Abin da ake saye da tsada wani danƙo ne mai duhu da bishiyar ke tarawa a cikin jikinta domin ta kare kanta, idan tsutsa ta huda ta, ko iska ta karya mata reshe, sannan fumfuna ta shiga ta wurin raunin. A daji, yawancin ƙiyasin da aka yi ya nuna bishiyoyin da ke tara wannan danƙo ba su wuce ɗaya cikin goma ba, kuma daga waje da wuya a gane mai shi da marar shi. Wannan ne ya sa masu neman ud a dazukan Borneo da Sumatra da Fafuwa suka riƙa sare bishiyoyi barkatai suna tsaga su, ko Allah zai sa a dace. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka jinsin Aquilaria malaccensis cikin waɗanda ke dab da ƙarewa a daji.

Saboda haka yawan bishiya daban, yawan ud daban. Manomi zai dasa, ya yi jiran shekara 6 zuwa 8 kafin kututturen ya yi kaurin da zai jure rauni, sannan a huda shi a zuba masa magani, a sake jiran aƙalla shekara 2, wani lokaci fiye. Hanyoyin yin haka na kimiyya suna nan. Farfesa Robert Blanchette na Jami'ar Minnesota a Amurka ya ƙirƙiro wata hanya da aka gwada a Biyetnam, masana a ƙasar Sin kuma, ƙarƙashin Wei Jianhe, suka fito da wata dabara da ake ɗura wa bishiya ruwan magani ya bi jijiyoyinta tun daga gindi har rassa. Sai dai maganin kirki yana da tsada, wani ma ba a samun sa sai an ƙulla yarjejeniya da masu haƙƙin mallakarsa, ga kuma 'yan damfara masu yawo ƙauye-ƙauye da haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, wanda ko dai ya kashe bishiyar, ko ya baƙanta icen ba tare da ƙamshi ba. Da yawa daga cikin miliyoyin da ake ƙirgawa suna nan tsaye a gonaki, farare fat a ciki, masu su ba su da kuɗin mataki na biyu.

Mustafa Ɗalibi:
Ina neman izinin iyayena da yayyena in ƙara da abin da idona ya gani, domin a Bangaladash nake karatu, kuma wani abokin karatuna ya taɓa kai ni garinsu a yankin Barlekha da ke gundumar Moulvibazar, ɓangaren Silet, inda sana'ar ud ta zama gado. Su a can ƙusa suke amfani da ita. Za ka ga kututturen bishiya an jera masa ƙusoshin ƙarfe layi-layi, kusa da juna, tun daga gindi har iya inda tsani ya kai, sai a bar ta haka shekaru. Idan an sare ta, sai a zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a miƙe waɗanda suka lanƙwashe domin a sake amfani da su, sannan ma'aikata su zauna a ƙasa da ƙananan kurfi suna fere farin ice suna ware ɗan baƙin da ya kewaye ramin kowace ƙusa. Abin da aka ware na ƙonawa ba ya da yawa. Sauran sai a daddatsa, a jiƙa shi a ruwa kwanaki, a zuba a manyan tukwane, a yi ta hura wuta dare da rana, man yana taruwa kaɗan-kaɗan a saman ruwan da ya tsatso, ana kwashe shi da tafin hannu ana gogewa a bakin kwalba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da mahaifin abokin nawa ya yi. Ya ce ƙaramin manomi ba kasafai yake kaiwa ga wannan mataki ba. Idan auren 'ya ya taso, ko rashin lafiya, ko kuɗin makaranta, sai ya sayar da bishiyoyinsa a tsaye ga mai masana'anta a kan farashin da bai taka kara ya karya ba, shi kuma wancan ya buga ƙusa ya jira. Masu masana'antar su ma kukansu kuɗin gas da wahalar samun takardun fitar da kaya.

Malam Bashir Dubai:
Madalla da wannan bayani, ƙanena. Dakta, ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba, amma ina ganin ko da an warware matsalar magani gobe, harkar ba za ta miƙe ba, domin babbar cutar tana kasuwa. A shagon turare nake aiki a unguwar Deira ta Dubai, kuma zan iya cewa babu wani ma'auni guda da duniya ta yarda da shi na rarrabe darajar ud. Mu a nan da sunan asali ake kiran sa: Hindi, Kambodi, Malizi, Kalimantan, Maroki wanda ke zuwa daga Merauke ta Indunusiya. A Malesiya da Indunusiya kuma wani tsarin suke bi na suba da dabul suba da A da B da C, kuma abin da wani ya kira suba, wani zai ce B ne. 'Yan Sin suna duba ko guntun yana nutsewa a ruwa. Komai ya dogara ne ga ido da hancin mai saye, kuma mai saye shi ne babban ɗan kasuwa, ba manomi ba. Kilo guda zai iya zama na 'yan ɗaruruwan daloli, zai iya zama na dubban daloli masu yawa, manomin da ke wani ƙauye a jihar Assam ta Indiya kuwa ba ya da hanyar da zai ƙalubalanci wanda ya ce masa nasa na ƙasa ne.

Inda babu ma'auni, algus ne ke mulki. Ana ɗaukar farin ice a dafa shi cikin mai da danƙo da rini har ya yi baƙi ƙirin, ana cusa dalma ko guntun ƙarfe a cikin rami a liƙe domin ya yi nauyi, ana goge shi ya yi sheƙi. Man ud kuwa, wanda ake sayarwa da tola, wato giram 11.66, ana sirka shi da wasu mayuka marasa ƙamshi. Idan baƙo ya shigo shagonmu, abin da maigidana ke fara yi shi ne ya karya guntu biyu a gabansa ya ga ko launin ciki ya yi daidai da na waje, sannan ya ɗora ɗan ƙanƙani a kan garwashin da ya yi toka. Na gaskiya za ka ga danƙon yana tafasa yana kumfa a hankali, ƙamshin yana zuwa daki-daki, hayaƙin ba ya yaji a ido. Na rini kuwa farkonsa ne kawai daɗi, daga nan sai ƙaurin ice. To, wannan rashin amana ya fi cutar da ud na gona, domin attajirin Balarabe ya riga ya saka a ransa cewa duk abin da ba na daji ba ne, ɗan'uwan na jabu ne.

Dakta Rabi:
Malam Bashir, a ganinka wannan ra'ayi nasu son zuciya ne kawai, ko akwai gaskiya a ciki? Ina tambaya ne domin danƙon da ya yi shekara 40 yana taruwa a daji ba zai zama ɗaya da na shekara 2 ba, ko a wurin auna sinadarai.

Malam Bashir Dubai:
Akwai gaskiya, Dakta, musamman a icen ƙonawa. Na gona yawanci siriri ne, danƙon bai ratsa ciki ba. Amma a wajen mai, na sha shinshina na gonakin Trat a Tailan wanda ba abin da za a kushe masa, kuma mafi yawan man da ke cikin kwalaben da ake sayarwa a nan na gona ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Matsalar ita ce ba a faɗa. Ana sayen sa a farashin na gona, a sayar da shi da sunan na daji, ribar ta tsaya a tsakiya. Ku dubi kamfanin turare na Ajmal: Haji Ajmal Ali ya fara ne daga Hojai a Assam, kamfanin ya kafu a 1951, suka buɗe shago a Dubai a 1976. Sun yi nisa ne saboda sun riƙe igiyar tun daga bishiya har kwalba. Manomi nawa ne zai iya haka?

Malam Tukur Mai Fito:
Ku gafarce ni, sai yanzu na karanta abin da aka tattauna. Aikina fiton kaya ne, saboda haka ta fuskar takarda zan zo, kuma a ra'ayina ita ce katangar da ta fi tsawo. A 1995 Aquilaria malaccensis ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazana, kuma daga farkon 2005 aka haɗa dukkan jinsunan Aquilaria da Gyrinops. Rukuni na biyu bai haramta ciniki ba, amma kafin kaya ya ƙetare iyaka sai ƙasar da ya fito ta ba da lasisi, kuma kafin ta bayar, sai masana kimiyyarta sun tabbatar cewa fitar da shi ba zai cutar da jinsin ba. Wannan binciken yana cin kuɗi da lokaci, ƙasashe da yawa kuma suka yi sakaci da shi.

Indiya ce misalin da ya fi fitowa fili. A Assam da Tripura mutane suna shuka bishiyar nan a bayan gida tun kaka da kakanni, har Allah ya hore musu wata tsutsa da ke huda kututturen ta jawo danƙon ba tare da magani ba. Amma shekara da shekaru dokokin gandun daji suna ɗaukar bishiyar bayan gida kamar ta daji: sai ka nemi izinin sarewa, ka nemi izinin ɗauka daga wannan gunduma zuwa waccan, fitarwa waje kuma kusan a rufe take. Sakamakon haka kayan ya riƙa fita ta ɓarauniyar hanya a farashin wulaƙanci. Sai a 2020 Assam ta fito da manufar bunƙasa ud, Tripura ta biyo baya a 2021, kuma a ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta ƙayyade kilo 25,000 na ice da gari da kilo 1,500 na mai a shekara. A 2024, bayan hukumar binciken tsirrai ta Indiya ta kammala nata nazarin, wanda ya ƙiyasta bishiyoyin ƙasar da kusan miliyan 140, aka ɗaga adadin zuwa kilo 151,080 na ice da gari da kilo 7,050 na mai a shekara. Ku auna tsakanin 1995 da 2024. Manomin da ya dasa bishiya yana saurayi ya tsufa yana jiran takarda.

Dakta Rabi:
Malam Tukur, alƙalumanka daidai ne, amma ina tsoron kada mai karatu ya fita da fahimtar cewa dokar ce abokiyar gaba. Jinkirin na gwamnatoci ne. Ita yarjejeniyar tun a taronta na Bankok a 2013 ta amince da ƙudurin da ya ɗauki ud na lambunan gida da na gonakin da aka gauraya da wasu amfanin gona a matsayin shukakke. Kuma mu a Nijeriya bai kamata a ba mu labarin abin da ke faruwa idan ciniki ya riga doka ba. Mun ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da maƙwabtanta, aka yi ta lodin gungume zuwa Sin har sai da CITES ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. A Hong Kong har yanzu ɓarayi suna shiga dazukan ƙauyuka da dare suna sassare tsofaffin bishiyoyin Aquilaria sinensis, a Sri Lanka kuma an sha kama masu fasa-ƙwaurin Gyrinops walla. Muddin na daji ya ninka na gona a farashi, duk sassaucin da aka yi wa manomi, akwai mai jira ya shigar da na sata ta wannan ƙofa, ya rubuta masa shukakke.

Malam Tukur Mai Fito:
Na yarda akwai wannan haɗari, Dakta, amma wa ke ɗaukar nauyinsa a yanzu? Mai fasa-ƙwauri ba ya zuwa ofis neman lasisi, ya san hanyarsa. Wanda ke layi a ofis shi ne mai bishiya hamsin a bayan gida. Kuma a lura, lokacin da aka faɗaɗa dokar a 2005, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar da Kuwait da Siriya sun shigar da togaciya a kanta, wato suka ce ƙarin da aka yi ba zai hau kansu ba. Ke nan an tsaurara a ƙofar mai sayarwa, an sassauta a ƙofar wasu manyan masu saye. Abin da ya kamata shi ne a yi wa gonaki rajista a matakin ƙauye, a ƙirga bishiyoyin kowa tun suna ƙanana, ta yadda ranar sarewa takarda ɗaya ta wadatar.

Dakta Rabi:
A kan rajista ba mu da saɓani. Inda muka rabu shi ne ni ba na son a sassauta kafin a yi rajistar, kai kuma kana ganin jiran rajistar ne ke kashe manomi.

Hajiya Falmata:
Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni sana'ata haɗa turaren wuta da humra a Maiduguri, kuma ina son in tuna muku cewa akwai kasuwar da ba ku ambata ba, wato irinmu. Ba ma sayen ud na sarakuna. Abin da ke zuwa hannunmu daga Dubai da Jidda yawanci ƙananan gutsattsari ne da gari, muna haɗawa da sandal da gabgab da kajiji da farce, mu jiƙa da turaruka, mu soya da sukari. Mace mai haɗa kayan amarya ba ruwanta da ko bishiyar ta yi shekara 40 a dajin Kambodiya, abin da take so shi ne abin da ta saya bana ya zama iri ɗaya da wanda za ta saya baɗi, domin idan ƙamshi ya canza, ita masu saye za su zarga. An taɓa aiko mini da kaya daga wani shago da sunan Kambodi, kuɗinsa ma na Kambodi, da na jiƙa shi sai ruwan ya koma baƙi, icen ya fito fari. Da an ce mini ga na gona nan, matsakaici, farashinsa kaza, kuma kullum haka zai zo, wallahi da shi zan riƙa saye ban waiwayi wani ba. Ina ganin manoman can suna hangen attajiran Larabawa, alhali masu sayen matsakaicin kaya daga Sudan zuwa Chadi zuwa nan sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Malam Bashir Dubai:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Sai dai a wannan matakin ma akwai abokin hamayya, wato ud na sinadari. Tun da Yves Saint Laurent ya fitar da turaren M7 a 2002, Tom Ford ya biyo da Oud Wood a 2007, sunan ud ya cika kwalaben Turai, amma mafi yawansu haɗin ɗakin gwaji ne, domin manyan kamfanoni suna son abu mai araha wanda ba ya canzawa. Ke nan manomi yana tsakiyar biyu: daga sama ana ce masa nasa bai kai na daji ba, daga ƙasa kuma ana ce masa nasa ya fi na sinadari tsada. Mafitarsa ita ce abin da kika faɗa, a sayar da shi da sunansa na gaskiya a kan ma'aunin da kowa ya sani, amma ban ga alamar manyan dillalan Singafo da Dubai suna gaggawar hakan ba, tunda duhun ne ke ciyar da su.

Malam Isyaku:
Ina biye da ku, kuma ina ƙaruwa. Abu ɗaya zan ƙara saboda ya shafi abin da ke riƙe da buƙatar wannan kaya a ƙasashen Musulmi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yana turare da icen ud, wani lokaci zallansa, wani lokaci ya haɗa da kafur, yana cewa haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi. Kayan da ke da irin wannan matsayi ba yayi ba ne da zai wuce. Wannan ya ƙara nauyi a kan 'yan kasuwarmu, domin sayar da rinannen ice da sunan na asali algus ne, kuma hukuncinsa sananne ne.

Alhaji Sabo Mai Turare:
Allah ya saka wa kowa da alheri. To, maganar dillalin nan fa? Har ya sake kira na.

Malam Tukur Mai Fito:
Alhaji, ranka ya daɗe, ba a cinikin biri a sama. Irin wannan tsari na sayar wa mutanen nesa bishiya ya daɗe, kuma an sha ganin kamfanonin da suka karɓi kuɗin jama'a suka durƙushe kafin lokacin girbi. Ka tambaye shi a rubuce: wa ya mallaki filin, kuma idan kamfanin ya rushe, bishiyar ta wa ce? Kuɗin da za ka biya ya haɗa da na huda bishiya da magani, ko za a dawo maka da wani lissafin bayan shekara 7? Kilo nawa suka taɓa girba suka fitar da lasisin CITES, kuma wa ya saya? Wa zai yanke darajar kayanka ranar girbi? Idan su ne masu shuka, su ne masu auna daraja, su ne kuma masu saye, to ribar da aka rubuta maka a takardar talla ba ta da wani tushe sai alƙawarinsu.

Aminu Ƙaramin Manomi:
Dakta, ina da tambaya ko da za ta zama ta yara. Maimakon mu kai kuɗinmu wata ƙasa, me zai hana mu shuka bishiyar a nan gida?

Dakta Rabi:
Tambaya ce mai kyau, Aminu. A arewa dai ka cire rai. Bishiyar ta dazukan damina mai yawa ce, tana son ruwan sama da ya kai milimita 1,500 zuwa sama a shekara, da laima a iska, da inuwa tana ƙarama, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Kano ba kasafai take wuce milimita 1,000 ba, ga rani na wata bakwai da hunturu mai busar da komai. Ta fuskar yanayi, wurare irin su Kuros Riba da kudancin Kamaru ne suka yi kama da mahaifarta. Ko a can ma akwai cikas tun daga iri, domin ƙwayar Aquilaria ba ta ajiyuwa, cikin 'yan makonni da faɗowarta take mutuwa, saboda haka sai dai a shigo da dashe, wanda ke buƙatar izinin hukumar killace tsirrai da takardun ƙasar da ya fito. Bayan wannan, duk abin da muka lissafa a sama yana jiran ka: shekarun jira, magani, gwanayen fere ice waɗanda ba mu da su, da mai sayen da bai taɓa jin ud na Afirka ba balle ya san a wane aji zai saka shi. Idan za a gwada, aikin cibiya ce irin ta binciken gandun daji da ke Ibadan, a kan ƙaramin fili, kafin a ce wa manomi ya ba da gonarsa. Kai da ke Jigawa, ƙaro ya fi kusa da hannunka.

Hajiya Falmata:
Malam Tukur, kafin a tashi, mu da muke ba alhazai da masu zuwa Umara saƙo, wannan doka ta shafe mu? Kada wata rana a tare baiwar Allah a filin jirgi saboda ni.

Malam Tukur Mai Fito:
Ta shafe ku idan kayan ya yi yawa, Hajiya. Yarjejeniyar ta yi rangwame ga abin da matafiyi ya riƙo domin amfanin kansa: har kilo 1 na gutsattsarin ice, mililita 24 na mai, wato kimanin tola biyu, da carbi biyu ko abin wuya ko na hannu biyu ga mutum ɗaya. Turaren da aka riga aka haɗa aka rufe a kwalba domin sayarwa a shago ba ya buƙatar lasisi, haka ma garin da aka riga aka tatse mansa. Amma ice da carbi da sassaƙe ba su shiga wannan sassaucin na kayan shago ba, ko da an naɗe su a kwali mai kyau. Abin da ya wuce wancan adadi, ko wanda aka ɗauko domin sayarwa, kayan kasuwa ne, sai da takarda. Kuma kowace ƙasa tana da ikon tsaurara nata fiye da haka, saboda haka idan saƙon na sana'a ne, ki sa mai shagon ya aiko miki ta hanyar fito tare da kwafin lasisinsa, ki bar wa alhazai tsarabarsu.